Na Karɓi Shara a Gaban Kamara

Zuwa ga Mai Girma Babban Darakta, shugaban kamfanin ajiya da jigilar kaya da na yi wa gadi a Diffa, a ofishinsa da ke Yamai.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa, ina yi maka barka da aiki, barka da iyali, barka da zafin Yamai. Mu nan Diffa lafiya lau, ruwa ya sauka, kogin Komadugu ya fara cika.

Sunana Buba, Bafillacen Fulatari, mai gadin rana a ƙofar mangazarku, wato babban ɗakin ajiyar da kuke tara kayan agaji kafin motoci su kwashe. Ba mu taɓa gaisawa ba, amma ka san ni sarai. Ni ne dogon nan mai rawani da ka kalla a wayarka yana bin wani ƙaton mutum da sanda. An ce kai da baƙin da ke ofishinka kun yi ta maimaita kallon. Na gode ƙwarai, ban taɓa zaton zan shiga ofishin Darakta ba, ko da ta cikin waya ne.

Na nemi a haɗa ni da kai, aka ce kana taro. Na sake nema, aka ce taron bai watse ba. To, tunda a bakin titi aka manna sunana tare da kalmar sata, na ga ya dace in amsa a inda kowa zai karanta. In ka ji wasiƙar nan tana ɗan tsalle-tsalle, ka yi mini afuwa. Tun ranar da na fito daga komisariya, wato ofishin 'yan sanda, dariya ta kama ni ta ƙi saki. Sai ina cikin alwala in tuna wani abu in fashe, matata Dija ta leƙo ta ga ko lafiya. Amma abin da nake nema ba na wasa ba ne, aikina ne da sunana. Mai gadi ba shi da jari sai amana, kuma ita aka raba ni da ita da rana tsaka.

Kafin in shiga magana, ban san ƙabilarka ba, shi ya sa ka ga ina ta ladabi. Na bincika, wasu suka ce Bazabarme ne, wasu suka ce Ba'adare. In ta tabbata kai Babarbare ne, don Allah a sanar da ni, in sake rubuta wasiƙar da irin muryar da ubangida ke yi wa bawansa magana da ita.

Na ɗaya: mutumin da aka ce na yi wa fashi.

Sunansa Ba Ari, shi ne mai riƙe da makullan mangaza. Babarbare ne na Barwa, can wajen Bosso, ƙato mai tsaga, kullum yana ƙamshin turaren wuta. Tun da aka buɗe mangazar muke tare, shi a ciki ni a ƙofa. Kowace safiya in ya iso, ba ya ce mini ina kwana. Tambayata yake yi ko shanu sun ba ni izini kafin in fito, ko kuwa gudowa na yi. Ni kuma in tambaye shi wa ya ba bawa damar sa hula a gaban ubangidansa. Daga nan sai mu tafa, ya buɗe ƙofa, aiki ya fara. Ranar da ɗayanmu bai zagi ɗaya ba, leburori kan tambaya ko rasuwa aka yi.

Kai ma ka sani, ranka ya daɗe, Fillo da Babarbare taubasai ne, abokan wasa tun kaka da kakanni. Ka kuma san cewa ranar cika-ciki, goma ga Muharram, taubashi kan karɓi shara a wurin taubashinsa, wato ɗan abin da yake ƙwata don nuna shi ne babba. Wasu kan miƙa ta cikin mutunci. Ni da Ba Ari ba ma yin haka, don a wurinmu sharar da aka bayar da hannu biyu sadaka ce, kuma babu wanda zai yarda ya ci sadakar bawansa. Tamu sai an ƙwace.

Bara shi ya zo gidana. Ya bi zakarana ya zagaye tsakar gida, ya yi tuntuɓe da turmi ya faɗi, ya tashi ya cafke shi, ya haɗa da ƙwaryar man shanu ya fita da gudu, Dija tana bin sa da muciya tana guɗa. Maƙwabta sun hau katanga sun sha kallo. Babu wanda ya kira polis.

Na biyu: abin da kamara ta gani.

Bana juyina ne. Ba Ari yana da 'yar gonar tattasai a bakin Komadugu, kuma tun da sati ya kama yake yi mini gorin cewa ya ajiye busasshe mai kyau wanda bakin Fillo bai isa ya taɓa ba. Na gane saƙon. Ranar cika-ciki da azahar, leburori sun tafi cin abinci, sai ga shi ya fito daga mangaza rungume da ɗan buhu, bai ma kai rabi ba, yana tafe yana fito kamar bai gan ni ba.

Wata uku ko huɗu kafin nan kun sa mana kamara a saman ƙofa. Shef, wato shugaban reshenku na nan, ya tara mu ya bayyana cewa duk abin da ta gani kai tsaye yake zuwa Yamai. Mun ji, mun yaba, mun manta.

Na miƙe da sandata na tare hanya. Ba Ari ya juya da gudu, na bi shi. Muka zagaye sikeli, muka zagaye motar da ke jiran lodi, hularsa ta faɗi, takalminsa ɗaya ya cire. Da numfashi ya ƙare masa sai ya zube a kan gwiwoyinsa ya ɗaga hannuwa sama. Na ɗora masa sanda a kafaɗa, na umarce shi ya shaida da bakinsa cewa shi da kakanninsa duk bayin Fulani ne. Ga abin da ya ce, kuma ina roƙo a sa shi cikin tarihin kamfani: "Ɗauka, mayunwaci, kai wa shanunka su ci. Ko a lahira kai ne za ka riƙe mini buta."

Na ɗauki buhu na saɓa. Na nufi ƙofa ina sanɗa, ina waige dama da hagu yadda ɓarayi ke yi, don wasan ya cika. Na yarda wannan waige-waigen bai taimake ni ba.

Yanzu ka dubi abin daga kujerarka. Kamararku tana da ido, ba ta da kunne. Ta ga mai gadi da sanda, ta ga mai makulli a durƙushe, kafaɗunsa suna rawa. Dariya ce ta hana shi tashi, amma daga sama kuka take kama. Ta kuma ga tambarin kamfani ɓaro-ɓaro a jikin buhun. Ranka ya daɗe, buhunanku da aka juye, Shef da kansa yake raba mana su. Rabin Diffa da su take labule, da su ake shanya kuɓewa, har jakuna da su ake yi wa shimfiɗa. In tambari ne shaidar sata, sai a kawo motoci a kwashi gari.

Don abin ya ƙara daɗi, da la'asar ɗin nan aka aiko wa Ba Ari cewa yayansa ba shi da lafiya, ya hau mota ya tafi Barwa, inda waya ba ta shiga sai an dace. Kuka kira shi ba ku samu ba. Na ji an ce a ofishinka har an fara tunanin ko na ƙarasa shi ne.

Na uku: komisariya.

Washegari na iso aiki da guzurin miyar tattasai da niyyar in ci a gaban leburori, sai na tarar da motar polis. Shef yaro ne mai kunya, ɗan gidan 'yan kasuwar Damagaram, kuma ya san shara fiye da ni, don na taɓa ganin mahaifinsa yana karɓar ta a cikin kasuwa. Bai iya kallon fuskata ba. Ya ce umarni ne daga sama, wai baƙin da kuke aiki da su sun gani, dole a nuna musu kamfani ba ya wasa. Leburori suka taru suna ta bayani, ya ce su koma aiki. Kafin mota ta tashi da ni, an riga an manna takarda a ƙofar da nake gadi, wai an kori Buba saboda sata da amfani da makami.

Ba zan yi wa polis ƙarya ba, ba su taɓa ni ba. Ofisan da ya karɓe ni ya gaya mini abin da ake tuhumata da shi, ya ce ina da damar kiran lauya, ya saurari bayanina har ƙarshe yana cije leɓe. Sai ya aika gidana a ɗauko buhu. Dija ta riga ta raba wa maƙwabta, ta kuma daka wani, saura kaɗan a gindi. Aka kwance a kan tebur, ƙura ta tashi, ofis ya ɗauki atishawa tun daga ofisa har mai buga takarda. Da ofisan ya samu ya share hawaye, ya tambayi Shef, wanda ya biyo mu, ko kamfani yana ajiye tattasai. Shef ya ce a'a, gero ne da shinkafa da mai da sabulu. Ya tambaye shi ko wani abu ya ɓace a mangaza. Ya ce babu.

Na zaci an gama, har na fara neman takalmana. Ofisa ya ce in dakata. Maganar kayan kamfani ta mutu, amma saura sanda da mutumin da aka durƙusar, kuma ba zai rufe batun ba sai ya ji daga bakinsa. Ya ce doka ta ƙayyade masa lokacin da zai iya riƙe ni, ba zai wuce shi ba sai da izinin mai gabatar da ƙara. Haka na kwana a bayan ƙarfe. A nan dariya ta tsaya, ranka ya daɗe. Na ji tsoro ƙwarai. A shekarun nan duk wanda ya zauna a Diffa ya san shiga hannun hukuma ba abin wasa ba ne, kuma na yi ta tunanin Dija da yara in motar Ba Ari ta lalace a hanya, ko yayansa ya cika ya zauna zaman makoki.

Allah ya sa wani direba ya kai wa Ba Ari labari. Da hantsi sai ga shi ya faɗo komisariya, ƙura har gira, yana haki. Ya tsaya ya kalle ni ta cikin ƙarfe, ya kalli ofisa, ya ɗaga hannuwa ya ce: "Alhamdu lillahi. Ku riƙe shi da kyau, ɓarawo ne ɗan ɓarawo, na daɗe ina jiran wannan rana."

Sai na ji mai buga takarda ya fara bugawa. Na ce shi ke nan, wasa ya shiga takarda. Ashe ofisan Ba'are ne, su ma Arawa taubasan Barebari ne. Ya daka wa Ba Ari tsawa ya ce tun yaushe bayi suka fara magana kafin a tambaye su. Ofis ya kaure da dariya, har waɗanda ke tsare tare da ni. Daga nan ofisa ya gyara zama, ya ce wasa ya ƙare, duk abin da aka faɗa yanzu shi za a rubuta, kuma mutum na iya shekaru a kurkuku a kansa. Na ga fuskar Ba Ari ta sauya. Aka tambaye shi buhun na wane ne, ya ce nasa ne, daga gonarsa. Aka tambaye shi ko da yardarsa aka ɗauka, ya ce don ni ya kawo shi. Aka tambaye shi ko na doke shi, ya ce sanda ko rigarsa ba ta ƙuje ba. Ya sa hannu, aka buɗe mini.

Kafin in fita ofisa ya yi mini karatu kaɗan, na kuma riƙe. Ya ce a dokar laifuka ba ɗaukar abu ne kaɗai sata ba, sai an ɗauki kayan wani ba da yardarsa ba, da nufin a raba shi da shi. Ya ce ba a hukunta mutum sai a kan abin da doka ta riga ta kira laifi tun kafin ya aikata, kuma shi dai bai ga inda aka hana bin taubashi a guje ba, matuƙar wanda ake bi ya fi mai bin dariya. Na fito ina ji kamar in gaishe da kowace akuya a hanya.

Na huɗu: abin da na koyo da furfurata.

Wani maƙwabcina ya nuna mini ofishin wata ƙungiya da ke ba talakawa shawarar shari'a kyauta. Na shiga, aka zaunar da ni gaban wata lauya, Madam Falmata. Babarbariya. Na ce shi ke nan, Allah ya jarrabe ni da mutanen nan. Ita ma ta riga ta ga hoton, don yanzu babu wayar da ba ya ciki a Diffa, 'yan kasuwar kifi har suna kirana ɗan fim. Ta ce in ajiye sandar a waje tukuna, ba ta shirya biyan shara ba. Bayan ta gama da ni, ta ɗauko littattafanta.

Ta ce akwai wasu ginshiƙai da ke saman kowace doka, kuma ba sai mai kuɗi ko mai boko suke karewa ba. Kowane mutum marar laifi ne har sai kotu ta tabbatar da laifinsa. Ba a yanke wa mutum hukunci ba tare da an ji ta bakinsa ba. Mai gadi da Darakta daidai suke a gaban doka. Mutuncin mutum da sunansa abin karewa ne kamar dukiyarsa. Na ce mata na ji a rediyo an jingine wancan kundin tsarin mulki an kawo wata takarda, ko abin bai tafi da su ba? Ta ce a'a, waɗannan suna nan, ƙasarmu ta sa hannu a kansu a wurare da dama, kuma dokar laifuka da dokar aiki ba su je ko'ina ba.

Ranka ya daɗe, ban san yadda zan kwatanta maka daɗin da na ji ba. Na haura hamsin ina zaton doka wata aba ce da ake kama mutane da ita kawai, ashe har da ni a cikin waɗanda take karewa. Na bi ta kasuwa ina tsayar da mutane. Na gaya wa mai sayar da banda cewa ita marar laifi ce har sai alƙali ya ce, ta ce to in biya in wuce. A gida Dija ta tuhume ni da shanye furar yara, na ce ba ta da hurumin yanke hukunci sai ta ji ta bakina. Ta ji, ta kuma yanke, amma dai an bi ƙa'ida.

Na biyar: korata.

A nan ne nake son ka ɗan ajiye waya ka saurara. Madam Falmata ta ce maigida yana da ikon sallamar ma'aikaci, babu wanda ya hana, amma akwai hanya. Dole a sami dalili na gaskiya wanda zai iya tsayawa a gaban alƙali. Dole a sanar da ma'aikaci abin da ake zarginsa, a ba shi dama ya yi bayani, in ya so tare da wakilin ma'aikata. In maigida ya ce laifin babba ne har ya kori mutum nan take ba tare da wa'adi ba, to kotun aiki tana da ikon auna ko laifin ya kai haka, ba a bar wa maigida shi kaɗai ba. Kuma takardar shaidar aiki da ake ba wanda ya bar wuri, lokacin da ya yi ne da irin aikinsa kawai ake rubutawa, ba a zuba masa baƙar magana a ciki.

To mu auna. Ba a tambaye ni ba. Ba a tambayi Ba Ari ba. Ba a tambayi wakilinmu ba, ga shi kuwa a tsaye yana ta ɗaga hannu. Ba a ko buɗe mangaza an duba ba sai da polis suka tambaya. An manna hukunci kafin a fara bincike. Polis sun sake ni, babu tuhuma, babu kotu, amma takardarku tana nan a ƙofa, ruwan sama ya jiƙa ta, an sake manna sabuwa. Na tambayi Shef dalili, ya ce ba a ba shi umarnin cirewa ba, kuma in kamfani ya janye yanzu, baƙi za su ce ba ku san abin da kuke yi ba.

Ga abin da takardar take yi mini. Na je neman gadi a wani gidan mai. Maigidan ya gane ni, ya kira yaransa su zo su ga ɗan fim, ya sa aka kawo mini shayi, ya ce in nuna yadda na yi sanɗa. Na nuna, aka tafa. Da muka zo maganar aiki sai ya sunkuyar da kai, ya ce shi ya san gaskiya, amma abokin kasuwancinsa na Damagaram takardar kamfani zai duba, kuma takarda ta ce sata. Haka aka yi a wani kantin magani, haka a wata makaranta. Kowa yana dariya da ni, babu mai ba ni makulli. Shanuna sun ƙare tun shekarun da daji ya gagara, ba ni da wurin komawa. Wannan ƙofar ita ce garkena.

Na shida: sabuwar dokarku.

Na ji bayan tafiyata an karanta wa ma'aikata sanarwa cewa duk wanda ya ambaci ƙabilar wani a wurin aiki za a kore shi. Na fahimci nufinku, kuma Madam Falmata ta tabbatar mini cewa wulakanta mutum ko hana shi haƙƙinsa saboda ƙabilarsa laifi ne a doka. Na goyi baya ɗari bisa ɗari. Amma ku bambance mana, don a kwarin Komadugu wannan wasa aiki yake yi. Ina yaro shanun kawuna suka faɗa gonar tattasan wani Babarbare a bakin kogi, har an fara zare wuƙaƙe. Wani tsohon Barebari ya iso ya ce su bari, ina saniyar Fillo za ta samo hankali tunda mai ita ba shi da shi. Kawuna ya ce ai saniyar ta zo duba gonar bayinta ne. Aka yi dariya, aka zauna a inuwa, aka auna ɓarna, kawuna ya biya. Shekarun tashin hankalin nan sun raba mu da abubuwa da yawa, garuruwa sun watse, an zauna ana kallon juna da zargi. Wannan wasan yana cikin 'yan abubuwan da suka rage mana. Leburori sun ce yanzu mangaza shiru kamar asibiti.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ga buƙatuna.

A cire takardar nan daga ƙofa yau, ba sai taro ya watse ba.

A mayar da ni bakin aikina, tare da haƙƙina na lokacin da aka zaunar da ni. In kuwa kamfani ya ga fuskata ta yi suna da yawa, to a sallame ni ta hanyar da doka ta tsara, a ba ni takardar shaidar aiki mai tsabta.

A gyara sanarwar, ta hana cin mutunci ta bar wasan taubasai. In baƙinku ba su gane ba, a turo su, zan yi musu bayani, Madam Falmata ta fassara.

Kada a sake korar kowa daga kallon waya. A kira shi a tambaye shi, ko da lebura ne.

Na riga na kai kukana ofishin sifeton ƙwadago, za a kira mu sulhu, in bai yiwu ba sai kotun aiki. Ba barazana nake yi ba. Gaskiya ma ina ɗokin zuwa, don an ce a can kujerata da ta wakilinka tsawonsu ɗaya. Amma na fi son mu gama a gida.

Saura buƙata ɗaya, ita ce ta sa na zauna na rubuta duk wannan. Jiya da safe na haɗu da Ba Ari a kasuwa, a layin masu tattasai. Tun ranar komisariya ban sa shi a ido ba. Na hango shi, na gyara murya, na tanadi zagi mai kyau wanda na kwana biyu ina sassaƙawa. Da ya gan ni sai ya tsaya, ya ɗan rusuna, ya miƙo mini hannu biyu, ya ce: "Malam Buba, ina kwana. Ya iyali? Ya haƙuri?"

Na jefa masa zagin duk da haka. Bai rama ba. Ya ce shi ya jawo mini, da bai kawo buhun wurin aiki ba da yarana suna cin abinci. Ya ce duk safiya yana wuce takardar nan da makulli a hannunsa, kuma ba zai iya kiran mutum ɓarawo da wasa ba alhali an rubuta shi da gaske. Ya tambaye ni ko akwai abin da zai taimaka da shi, ya yi mini sallama cikin ladabi, ya tafi. Na kwana a bayan ƙarfe ban yi kuka ba, ranka ya daɗe, amma jiya a tsakiyar kasuwa sai da na ja rawani na rufe fuska.

Don haka ina roƙo, ranar da za a wanke ni, kada a yi a ofis. A tara ma'aikata a ƙofar mangaza, a faɗa da babbar murya cewa Buba bai saci komai ba, a kuma tabbatar Ba Ari yana tsaye a gaba yana ji, ko bakinsa zai buɗe.

Allah ya ja zamaninka, ya ƙara wa kamfani albarka, ya kare ka daga hukuncin da ba a ji ta bakinka ba. Allah ya ba ƙasarmu lafiya, ya zaunar da Diffa da kewayenta. In kana da taubashi, Allah ya bar maka shi da bakinsa.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Buba, mai gadin rana,
Diffa.